Abin da Ban Nuna wa Likita a Waya Ba

Litinin, 3 ga wata, ƙarfe 7:15 na safe

Nas ce ta ce in sami littafi in riƙa rubuta yadda nake ji kullum, wai idan Likita ya kira kada in tsaya ina inda-inda. To ga littafi na samu, ragowar wanda muke rubuta awon tagogi ne a shago. Sai dai ba na jin zan karanta mata shi.

Shekarata talatin da huɗu, kuma da gyara a zuciyata aka haife ni. An buɗe ƙirjina ina shekara uku, an sake buɗewa ina sha biyar aka sa min bawul, ɗan ƙyauren da ke hana jini komawa baya. Asibitin da ke duba irinmu tafiyar awa shida ce daga nan, da can duk wata shida nake zuwa. Tun bara suka ce hutu ya zo mana. Suka ba ni sikeli, da abin awon jini, da wata 'yar na'ura da ake maƙala wa yatsa. Kowace safiya in tura lambobi ta waya, Likita kuma ya gan ni ta bidiyo. Kowa ya ce na huta da wahalar hanya, ni ma haka na ce.

Yau sikeli ya ce 58.4. Watan jiya 57 ne. Na tura.

Laraba, 5 ga wata, ƙarfe 11:40 na safe

An gama kiran. Minti goma sha biyu, na duba.

Tun jiya na sauke farin labulen ɗakina na rataya wani ja da wata kwastoma ta fasa karɓa. Shekara goma sha ɗaya ina ɗinkin labule, na san abin da yadi ke yi wa haske. Da farin, leɓɓana sai su fito a waya kamar na lashi shuɗin wanki. Da jan kuwa, sai ka rantse yanzu na dawo daga hutu. Na jingina wayar da gwangwanin allurai, na zauna rabin awa ban motsa ba don numfashina ya kwanta, na sa iyafis a kunne don kada Inna ta ji.

"Ya jikin?" in ji Likita.

"Da sauƙi."

"Hawa bene fa?"

"Ina hawa."

Ban yi ƙarya ba, ina hawa. Bai tambayi sau nawa nake tsayawa ba.

Sai ya cire tabarau, abin da yake yi ke nan idan maganar ba daɗi. Ya ce hoton zuciyar da aka ɗauke ni a nan garin ya isa gare shi, bawul ɗin ya gaji. Idan nauyina ya ƙaru da kilo biyu, ko ƙafa ta kumbura, ko numfashi ya fara gaza min, to ba sauran jira, za a sake buɗe ƙirjin a canza shi. Ya fara cewa karo na uku ya fi na baya wuya saboda, sai sabis ya ɗauke. Fuskarsa ta daskare baki buɗe, ni kuma na zauna ina kallonta. Da ya dawo har ya kai kan maganar magunguna, ban ce ya maimaita ba.

Ina fitowa na tarar da Inna tana goge teburin da ta riga ta goge.

"Me ya ce?"

"Ya ce a gaishe ki."

"Ina amsawa. Ai na faɗa miki, Auta, ke kam kin warke."

Laraba, ƙarfe 4:30 na yamma

Zan rubuta wannan sau ɗaya, ba zan sake ba. Ina tsoron a kwantar da ni in kasa tashi. Kuma ina tsoron fuskar Inna. A aiki na biyu awa tara ta yi tsaye a ƙofar ɗakin tiyata, ana fitowa aka ce an yi nasara sai ta yanke jiki ta faɗi, aka kwantar da mu a asibiti ɗaya. Lokacin Baba na da rai, ita kuma da ƙarfinta. Yanzu ta haura saba'in, ga hawan jini, mu biyu ne kaɗai a gidan, kuma duk baƙon da ya shigo sai ta ce masa Auta ta warke. Da wane baki zan ce mata a koma?

Juma'a, 7 ga wata, ƙarfe 7:05 na safe

58.9. Na tura 58.4. Rabin kilo ai kofin ruwa biyu ne.

Asabar, 8 ga wata, ƙarfe 5:50 na yamma

Mun je awon tagogi ni da abokiyar aikina, wadda duk layin shagunan ke kira Rediyo, domin ita tana kamawa da safe sai an rufe shago. Gidan a hawa na uku yake. Matakala arba'in da shida, na ƙirga, don ƙirga tana hana ni jin abin da ƙirjina ke yi. A hawa na farko na tsaya na duba waya, babu saƙon kowa. A na biyu na tsaya na yaba ƙarfen benen, ƙarfe duk tsatsa.

"Ke yau meye haka, kina haki kamar wadda kare ya biyo?" in ji Rediyo.

"Takalmin ne ya matse ni."

"Au, a ƙirji kike sa takalmi yanzu?"

Na ci gaba da hawa. Matar gidan tana son labule mai tattara uku, har ƙasa, a falo mai taga huɗu, kuma ta rantse tagoginta duk girma ɗaya ne. Kowa haka yake cewa. Rediyo ce ta hau tsani, ni na riƙe bakin tef ina rubutawa, alhali kullum ni ke hawa don ita jiri take ji. Ita dai ta ci gaba da ba matar labarin surukarta.

Litinin, 10 ga wata, ƙarfe 7:10 na safe

59.5. Na tura 58.4. Nas ta maido min da ɗan hoton nan na babban yatsa a sama. Sai na ji haushinta, ita da ba ta yi min komai ba.

Talata, 11 ga wata, ƙarfe 1:20 na rana, a shago

Ban taɓa zaton zan yi kewar benci ba. Bencin asibitin nan mai taurin tsiya, da tashin asuba, da warin magani. Amma a kansa muke haɗuwa, mu da aka haifa da gyara, manya zuƙa-zuƙa cikin layin da rabinsa jarirai ne. Akwai Dogo, mai gyaran agogo, tun ina sha shida nake ganinsa, ciwonmu ɗaya, har ranakunmu kan zo ɗaya. Na taɓa ce masa wanda ya ɗinke ni bai iya ɗinki ba, tabon ya karkace daga ƙasa. Ya ce in na isa in warware in sake. Muka yi ta dariya har nas ta leƙo ta ce nan fa asibiti ne.

A can, kafin in taka daga ƙofa zuwa kujera Likita ya gama ganin rabin abin da yake nema. Yana kallon yadda na shigo, yadda na aje jaka, ko na dafa tebur. Sannan ya sa hannunsa mai sanyi a wuyana. Yanzu kuwa a zaune yake samuna, daga kafaɗa zuwa sama, yadda na shirya kaina. Ni ce majinyaciya, ni ce mai ɗaukar hoto, ni ce mai riƙe sikeli. Wa ya ce musu ni abar yarda ce?

A haɗuwarmu ta ƙarshe Dogo ya ce min ana maganar yi masa na uku. Na tura masa saƙo yanzu: "Mai agogo, ya aka ƙare?" Bai buɗe ba tukun.

Alhamis, 13 ga wata, ƙarfe 6:55 na safe

60.1. Na tura abin da na saba.

Alhamis, ƙarfe 3:00 na yamma

Na warware kalmasar siket ɗina uku na ƙara musu tsawo, yanzu har suna share ƙasa. Takalmi ɗaya ne ke shiga, silifas ɗin wanka, shi ma ya bar min shaida. Keken ɗinkin ya gagare ni, minti biyar ina takawa sai ƙafar ta yi nauyi kamar ba tawa ba. Na ce wa Rediyo ta zauna a keke ni in yi yanka da tattara, wai idona ya fi nata kaifi. Ta ce tun yaushe. Na ce tun yau.

Ba na iya zama, ba na iya tsayuwa. Na jera zare bisa launi, na rushe, na jera bisa girma. Dogo bai buɗe saƙon ba.

Asabar, 15 ga wata, ƙarfe 9:30 na safe

Matar Dogo ce ta amsa. Ta ce ta ga saƙon a wayarsa, ta gode. Watan jiya ya rasu, kwana shida bayan aikin.

Asabar, ƙarfe 2:10 na rana

Ban je shago ba. Na goge kayan da ba su yamutse ba, na wanke kofunan da ba a sha komai da su ba, na zauna, na tashi. Inna ta ce lafiya, na ce kaina ke ciwo.

Wata guda cur! Da ana zuwa benci da wani ya raɗa min, da na je na yi wa matarsa gaisuwa kamar mutum. Yanzu kowa na ɗakinsa da sikelinsa, in ɗaya ya tafi sauran ba su sani ba. Na rubuta mata Allah ya ji ƙansa, na tura, sai wayar ta nuna min alamar an karɓa. Shi ke nan gaisuwar shekara goma sha takwas.

Ban tambaye ta me ya faru ba. Ba na son sani. Ina son sani.

Lahadi, 16 ga wata, ƙarfe 1:45 na rana

Miyar yau ba gishiri ko kaɗan. Na ce Inna kin manta gishiri, ta ce nata likitan ne ya hana ta. Shekara shida yana hana ta, sai yau ta ji.

Litinin, 17 ga wata, ƙarfe 10:15 na safe

Nas ta kira, ba saƙo ba, kira. Ina bayan shago wajen da muke aje ƙarafan labule.

"'Yar'uwa, sikelinki lafiya yake kuwa?"

"Lafiya lau."

"Na tambaya ne don kwana goma sha ɗaya ke nan kina turo min 58.4. Ko buhun siminti aka ɗora a sikeli kwana goma sha ɗaya, wata rana sai ya ɗan canza."

Na ce ai ina kiyaye abinci ne sosai.

"Madalla. In kin koma gida ki kunna bidiyo ki hau in gani, minti ɗaya ne."

"Halo? Halo, Nas? Ba na jin ki."

Ina jin ta rangaɗaɗau, har ƙarar fankar ofishinsu. Na kashe.

Ni da nake yi wa kwastoma wa'azi cewa babu taga biyu masu awo ɗaya a duniya, ni ce na kasa sauya ko ɗigo a ƙaryata. Ko ƙaryar ma ban iya ba. Kunya ta ishe ni, matar nan ta san ranar haihuwata, ta san sunan Inna, bara da na yi zazzaɓi kullum sai ta kira.

Talata, 18 ga wata, ƙarfe 8:00 na safe

Wayar a kashe take, cikin akwatin zare.

Laraba, 19 ga wata, ƙarfe 7:00 na safe

Ban hau sikelin ba. Na tura shi ƙarƙashin gado da ƙafa. Filo uku nake sawa yanzu, da safe in mayar da biyu cikin kwaba kafin Inna ta shigo shara.

Alhamis, 20 ga wata, ƙarfe 6:10 na yamma

Babu abin da ya faru. Na ɗaga yadi ne daga kanta na ɗan zauna a ƙasa, shi ke nan. Mutane kan zauna a ƙasa.

To, ban san lokacin da na zauna ba. Na dai ga silin, na ga fuskar Rediyo a kife, tana yi min fifita da kwalin zare. Siket ɗin ya ja sama. Ta kalli ƙafafuna, ta kalle ni, sai ta yi shiru. Shekara goma sha ɗaya ban taɓa jin shagon nan shiru ba, har ina jin injin niƙan da ke ƙarshen layi. Ta ja ƙofa ta rufe, ta ba ni ruwa, ta zauna a ƙasan tare da ni.

"Likitan wayar ya gani?"

"Fuska yake gani."

"Inna fa?"

Na girgiza kai.

"Amma ke anya kina da hankali? Mutuwa za ki yi min a shago tsakanin yadin mutane?"

"In aka buɗe ni ma ai ita ce."

"Wa ya faɗa miki? Ke ce Allah?" Ta share ido da gefen mayafi, ta ja tsaki. "Na ba ki zuwa Litinin. In ba ki faɗa ba, da ƙafata zan je in sami Inna. Kin dai san bakina."

Na san bakinta. Ita ta tsayar da mota ta raka ni har ƙofar gida.

Juma'a, 21 ga wata, ƙarfe 9:20 na safe

Na kunna wayar. Kira bakwai, saƙo ɗaya. Na yi zaton Nas za ta wanke ni tas, na ma shirya amsa. Ga abin da ta rubuta: "Likita zai kira ki Litinin ƙarfe goma. Ba faɗa zai yi ba. Ba ke kika fara ba. In numfashi ya ƙi kafin nan kada ki jira mu, ki tafi asibiti mafi kusa."

Da faɗan ta yi da ya fi min sauƙi.

Asabar, 22 ga wata, ƙarfe 4:40 na yamma

Muna ninke shanya ni da Inna, ta riƙe gefen zanen gado na riƙe gefe. Na shirya maganar tun safe, kalma shida ce kacal. Muka matso muka haɗa hannu a tsakiya, fuskarta dab da tawa, na buɗe baki na ce zanen nan ya tsufa. Ta ce e, ya kamata a canza. Ta tsare ni da ido kamar mai jiran saura. Na ɗauki kwandon na wuce, a ƙofar ɗaki na aje shi na huta.

Lahadi, 23 ga wata, ƙarfe 7:30 na safe

61.8. Na rubuta, na goge, na rubuta, na goge. Ban tura komai ba.

Litinin, 24 ga wata, ƙarfe 12:30 na rana

Zan rubuta duka.

Da niyyar faɗin gaskiya na tashi, wallahi. Amma ƙarfe tara da rabi sai ga ni na ja jan labulen, na zauna ina jiran numfashi ya kwanta, na sa iyafis. Hali dai.

Likita bai ce ya jiki ba. Ya ɗan kalle ni, ya ce, "Malama, bara labulenki fari ne."

Na ce na canza ne don ado.

"Ya yi kyau. Ɗan ja min shi gefe."

Na ja. Hasken rana ya faɗo min a fuska, na ga kaina a ƙaramin hoton da ke gefen waya, na kau da ido.

"Yanzu ki bar wayar inda take, ki taka zuwa ƙofa ki dawo ina kallo."

Dole na zare iyafis, igiyar ba ta kai ba, muryarsa ta cika ɗakin. Taku bakwai zuwa, bakwai dawowa. Na dafa tebur. Ya ce in ja numfashi ɗaya in ƙirga zuwa ashirin. A tara na tsaya. Ya ce in nuna masa ƙafa, na ɗage siket ɗin na karkata wayar. Ya ƙura wa ƙafar ido.

"Da kina gabana da na danna da kaina," in ji shi. "Ba ni da hannu a nan. Wa ke gida?"

"Ba kowa."

"Ina nan, Likita."

Ban ji buɗe ƙofa ba. Inna ta shigo da tsumman goge-goge a hannu, ta gaishe shi har da rusunawa kamar yana ɗakin, sannan ta durƙusa a gabana da gwiwoyin nan nata masu ciwo. Ya fara yi mata bayanin inda za ta taɓa, ita kuwa ta riga ta ɗora ƙafata a cinyarta, ta kafa babban yatsa a ƙwaurina, ta danna tana motsa baki, ta ɗaga. Wurin ya lotsa ya zauna a haka. Mu uku muna kallonsa, bai ciko ba.

"Haka nake mata tun tana shekara biyu," in ji Inna. Ta ɗago ta dubi wayar. "Kwana goma sha biyu ke nan da na gani, Likita. Na ga takalma, na ga filo. To na ce ai kullum tana tura muku, kuna ganinta a wayar nan, tunda ba ku ce komai ba ƙila ba komai ne. Ni ba boko gare ni ba. Na ce kada in tayar mata da hankali a banza."

Da ƙasa za ta tsage da na shige. Ni na sa ta yarda da wayar, da hannuna. Kwana goma sha biyu tsohuwar nan tana ƙaryata idonta saboda lambar da nake ƙirƙira.

Likita ya ce, "Inna, idonki ya fi wayar. Ba mu gani ba." Bai ce don me ba, ban san ko in gode masa ba.

Ya ce jibi Laraba in zo da shirin kwanciya. Za a fara janye ruwan da allura, in jiki ya daidaita a yi aikin cikin sati biyu. A nan na ji bakina ya ce, "Ranar nan ka ce na uku ya fi wuya saboda, sai sabis ya ɗauke. Saboda me?"

Ya cire tabarau. Ya ce duk inda aka taɓa yankawa naman ciki yakan manne, sai an bi a hankali, shi ya sa ya fi daɗewa kuma ya fi haɗari. Ya ce ba zai yi min alkawari ba, amma mafi yawa suna tashi, kuma jira ne ke ƙara wuyar.

"Dogo fa?"

"Ba zan yi miki maganar wani ba, kamar yadda ba zan yi wa wani taki ba. Na san kun saba. Amma ke ba shi ba ce."

Na ce to. Na ce zan zo.

Yana kashewa Inna ta sauke ƙafata, ba a hankali ba.

"Ni kike ɓoye wa? Ni?"

"Tsoro na ji kada ki faɗi kamar wancan karon."

"Yunwa ce ta kayar da ni wancan karon, sakarya! Kwana biyu ban ci ba. Shekara goma sha tara kina ɗauke da wannan a ranki?"

Na fashe da dariya, dariyar ta juye kuka, kukan ya tsaya min a ƙirji sai tari. Ta yi ta shafa min baya tana zagina. Da ƙyar na taimaka mata ta miƙe, ko ita ta taimaka min, ban sani ba.

Talata, 25 ga wata, ƙarfe 11:00 na safe

Na tura 62.0. Nas ta ce, "Na gode, 'yar'uwa. Gado na jiran ki." Rediyo ta zo ta karɓi makullin shago, ta yi awa biyu tana ba Inna labarin matar nan mai taga huɗu. Na kira Yaya, babban wana, ya ce zai zo da mota gobe ƙarfe tara, ya ce zancen faɗa sai na warke.

Har yanzu ina jin tsoro. Bai ragu ba ko kaɗan, sai dai yanzu ba ni kaɗai ke riƙe da shi ba.

Laraba, 26 ga wata, ƙarfe 8:20 na safe

Jaka na bakin ƙofa, Yaya ya kira yana hanya. Tun ƙarfe shida Inna ta shigo da mataji da mai ta ce in zauna a ƙasa. Na ce kitso kuma yanzu, ga mota na zuwa? Ta ce na manta ne, bayan aikin sai na yi sati shida ban ɗaga hannu sama da kafaɗa ba, wa zai taje min kai a can.

Na zauna tsakanin gwiwoyinta. Rabon da ta yi min kitso tun kafin Baba ya rasu, yatsun sun yi tauri amma ba su manta ba. Na ji tana tsagawa siri-siri, na ce Inna ki yi manya mu gama da wuri.

"Ƙanana zan yi, waɗanda za su kai wata biyu," ta ce. "Kuma kada ki bari wata ta taɓa miki su a can. Ni zan tsefe su da hannuna, a nan ɗakin."

Muryarta ta ɗan karye a ƙarshen, sai ta ja gashin da ƙarfi don kada in waiwaya. Da zafi sosai. Ban ce ta sassauta ba.